Abin da Aka Samu a Gashin Kyanwata

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu na tambaya ko na bar ɗinki ne. Ban bari ba. Jinya na yi.

Da murɗar ciki ya fara. Sai ciwon kai, sai wani ɗanɗano a baki kamar na tsotsi ƙusa.

A asibiti nan Mafara aka ce maleriya, na sha magani. Aka ce taifot, na sha. Aka koma olsa.

Ranar da almakashi ya suɓuce mini, wuyan hannuna ya ƙi ɗaguwa, ranar na ji tsoro na gaske.

Ina da kyanwa, Fara muke ce mata, filona ne wurin kwanciyarta. Ita ma ta rame, tana amai, tana tangaɗi. Ko kusa ban haɗa ciwonta da nawa ba.

Kawu Lawali, ƙanen mahaifiyata, likitan dabbobi ne a Bakura. Ya zo duba ni, sai na ga kyanwar ya zuba wa ido.

"Ɗiyata, mussar ga ina take wuni?"

Na ce a zaure, kan buhunan maigida. Dutsen zinari yake saye daga wajen Maradun, a daka a zauren kafin a kai wanki.

Kawu ya yanki gashinta kaɗan, ya ƙulle a leda, ya ce zai aika wa abokinsa a jami'a. Duk da ciwo sai da na yi dariya. Ni ke kwance, kyanwa ake wa gwaji.

Da sakamako ya fito babu wanda ya yi dariya. Dalma ce jingim a gashin, da ɗan burbushin sinadaran da ke fitar da radiyeshin, wato wani tururi mai cutarwa da ido ba ya gani, irin waɗanda ke cikin wasu duwatsu.

"Gashinta tsumma ne, ƙurar gida yake kwashewa," in ji Kawu. "Abin da ke jikinta, shi kike shaƙa, shi kike haɗiya."

Aka tura ni Gusau, aka ɗebi jinina. Likita ta ce, "Radiyeshin ɗin kaɗan ne, ba shi ya kwantar da ke ba. Dalmar ce. Kina da ƙananan yara?"

Nan take na tuna. Nana, ɗiyata, a bakin zauren nan take wasan ƙasa.

An gwada ta. Akwai a jininta, amma bai kai nawa ba.

Aka kwantar da mu tare a asibiti. Ƙarin ruwa, allura, ɗibar jini har hannu ya yi tabo. Ga wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in toshe hanci in haɗiye don Nana ta gani ta sha nata. Tumakina biyu suka tafi a jinyar.

Da za a sallame mu na ce wa maigida ba zan koma gidan ba.

Ya ce, "Maman Nana, da dutsen ga muke ci."

Na ce, "Na sani, Malam, kuma ban raina ba. Amma ni da yarinyar nan sai buhun ƙarshe ya fita."

Gidanmu na wuce. Ya yi fushi, na ƙi motsi. Daga baya da kansa ya kankare ƙasar zauren, ya zuba siminti, ya mayar da daka can bayan gari. Shi ma ya je an duba jininsa.

Fara ba ta tashi ba. Muna asibiti ta mutu.

Alhamdulillahi, hannuna ya dawo, Nana na ta gudunta. Allah ya saka wa Kawu, da likitoci, da Inna da ta yi ta zaryar abinci.

Don Allah kada ku daka dutse a inda yara ke wasa. Mai aikin haƙa ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo gida. In magani ya ƙi ci, ku gaya wa likita sana'ar gidanku, ku nemi gwajin dalma.

In kuma dabbar gida ta fara ciwo tare da ku, kada ku kore ta da tsintsiya. Ku kai ta a duba. Ita ba ta da bakin faɗa, amma iska ɗaya kuke shaƙa.