Lemon da Ya Wanke Noelene

Shekara ashirin Noelene Tregenza ta yi tana waldar jiragen ruwa a garin Whyalla kafin ta dawo kamfaninmu na haɗa tauraron ɗan'adam a Adelaide. Ga faɗa, ga hannu kamar na tela. Ita ke liƙe mana bututun da ke kwashe zafi a tauraron ɗan'adam.

Bututun bai fi biro kauri ba. Ɗan ruwan amoniya ne a ciki da lagwanin ƙarfe. Ruwan ya tafasa a gefen zafi, tururin ya gudu gefen sanyi ya koma ruwa, lagwani ya jawo shi baya. Ba fanka, ba inji! Wallahi har yau abin yana burge ni.

Ranar gwaji, cikin zafin Fabrairu, don a nan lokacin bazara ke nan, bututu ya ƙi aiki. Zafi sai hawa yake yi. Shugabanmu Hamish ya zare tabarau.

"Noelene, waldarki ta yi yoyo. Wani kamfani za mu ba aikin."

"Waldata? Kai Hamish, ina walda kana tsotsar yatsa!"

Na san in aikin ya tafi, ita ma ta tafi ke nan.

Ta fice fuu, ta dawo da lemon da ta ajiye don shayin hantsi. An hana shiga ɗakin gwaji da abinci, amma wa zai tare ta? Ta ɗora shi a teburin gwaji. Sai ga lemo yana gangarawa a hankali, har ya faɗo tim!

"Yaushe kuka daidaita teburin nan?" in ji ta.

"A Yuli," in ji Hamish.

"Lokacin ruwa ke nan! Ƙasar garin nan laka ce, ɗan boko. Ta bushe, gini ya karkace. Ƙofar kicin ɗina ma tun Kirsimeti ba ta rufuwa."

Ashe gefen zafi ne ya ɗaga, lagwani ya kasa hawa da ruwa. A sararin samaniya babu wannan nauyin. Muka murɗa ƙafafun tebur har ya daidaita, muka zuba wa allon da ke nuna zafi ido. Sittin. Arba'in da biyu. Ashirin da biyar! Na kurma ihu, na rungume injiniyan da ko gaisawa ba ma yi.

Hamish ya tsinto lemon, ya goge da rigarsa, ya miƙa mata hannu bibbiyu.

Ta ko ƙi karɓa. "Ɓare mini," ta ce.