Fuskar da na zana a bayan kwalin taliya

Shekarun baya can, lokacin da aka rufe kasuwanni aka ɗauke mana sabis ɗin waya a Ƙaura, ni mai zana allon masu aski na koma zaman kashe wando. Fenti babu, aiki babu. Ana cikin haka abokina ya zo mini da matar yayansa, wadda ta gudo daga ƙauyensu na wajen Zurmi. Ɓarayin daji sun kashe mijinta, wayar da hotonsa ke ciki kuma ta ƙone tare da ɗakin. So take in zana mata shi, don ɗiyar da ke bayanta ta tashi ta san fuskar ubanta.

Wallahi daɗi ya kama ni, wata nawa rabona da zane! Na bugi ƙirji na ce an gama, alhali ban taɓa ganin bawan Allahn ba. Na yago kwalin taliya, na fiƙe gawayi.

Zanen farko ya fito da sabon aski, saje a gyare, haƙora a waje, sak mutanen allona. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko tun rasuwar. Ita kuwa ta ce, "Malam, wanga ba shi na ba. Shi ina ya ga lokacin gayu?"

Kwana uku muna fama. In rage hanci, in ƙara zanen kumatu, abokina yana cewa ya yi, ita tana girgiza kai. Da na rasa dabara, na tambaye ta yaya take ganinsa in ta tuna shi. Ta ce yana dawowa daga gona, hula a ƙeya, ya kanne ido ɗaya saboda rana.

Na goge murmushin nan nawa na talla, na ɗora masa hula a ƙeya, na kanne idon, na juya mata kwalin.

Sunkuyar da kai ta yi, ta ja mayafi ta rufe fuska, yadda abokina ya ce take yi in marigayin ya shigo gida da baƙi.

Na yi zane iri-iri bayan nan, an yaba, amma ban sake samun yabo irin wannan kunyar ba, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Yarinyar ta yi wayo yanzu. An ce duk wanda ya shiga ɗakinsu sai ta ja shi gaban kwalin, ta ce ya gaida Baba.