Fuskar da Fensir Ya Aro

Ɗan kawunmu da muke kira Fensir, tun yana rarrafe yake ɓata bangon mutane. Siriri ne dogo, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, kuma tun da aka yaye shi ba a taɓa ganin kunnensa na dama babu fensir a maƙale ba. Makaranta sama-sama ya yi ta, kamar sauranmu. Ya rubuta allunan shaguna, ya zana wa masu aski kawunan da ba a taɓa haifar irinsu ba, har Allah ya haɗa shi da wani kamfanin buga littattafai da ya samu izinin mayar da tsohon wasan talabijin ɗin nan, Keken Masinja, mujallar zane ta yara.

Wasan ba wani abu ba ne. Masinja ne mai raba wasiƙu a keke, sai mugu guda, Malam Sanɗa, mai bin bayansa yana sace wasiƙun mutane, kuma duk ƙarshen shiri sai ya faɗa kwata. Iyayenmu sun kalle shi har idanunsu suka yi ja.

Ofishin Fensir wani ɗaki ne a saman injin bugawa, in aka tada injin har tawada rawa take a kwalba. Aka ajiye masa tsohuwar bidiyo da kwalin kaset-kaset. Aikinsa ya sa kaset, ya tsayar da hoto, ya kwafi fuska. Masinja ya fito, matar masinja ta fito, keken ma ya fito har da ƙararrawa. Malam Sanɗa ne ya gagara, don kullum a inuwa yake fitowa, ga kaset ɗin duk danshi ya cinye su, ba ka ganin komai sai wani baƙin abu yana motsi.

Ogansu, wato editan, ya ce, "Kai dai ƙirƙiro mana wata muguwar fuska. Wa zai tuna?"

Fensir ya zauna, hannu ya tafi da kansa. Sanƙo mai sheƙi, gira biyu a haɗe, gashin baki kamar tsintsiya, ido ɗaya a tsuke, ga ɗan baƙin tabo a gefen hanci. Minti goma ya gama. Ya yi wata guda yana cika mana baki wai daga ƙwaƙwalwarsa ya ciro, babu mai irin fuskar nan a duniya. Mujalla ta fita wata goma sha ɗaya a jere, yara suna wawasonta.

Wata Asabar Fensir da matarsa suka kai 'yarsu Tsigi, mai shekara huɗu, gaida kakanta, uban matar Fensir. Tsohon mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana zaune bayan akwatin gilashi a bakin titi, magana ba ta dame shi ba. A duniya mutum ɗaya yake wa dariya, wato Tsigi. Da ma da gudu take faɗawa jikinsa. Ran nan kuwa, da ma a satin ne ubanta ya fara karanta mata mujallar, sai ta ja birki a bakin shago, ta ƙwala ihun da ya tsayar da masu babur, ta shige bayan uwarta.

"Mama, Malam Sanɗa! Zai sace mana wasiƙa!"

Tsohon ya ɗago kai, ya cire ɗan madubin da yake maƙalawa a ido. Idon ya zauna a tsuke, don shekara arba'in ta koya masa haka. Fensir ya dubi sanƙon. Ya dubi girar. Ya sauko kan gashin bakin, ya tsaya a kan tabon. Wallahi waɗanda ke wurin sun ce sai da ya rage tsawo. Bakinsa ya buɗe har ƙuda ya shiga ya fita bai sani ba.

Ashe shekara biyun da ya yi yana neman aure, kullum a kan bencin shagon nan yake zama, kunya ta hana shi magana, sai satar kallo. Kai ya manta, hannu bai manta ba.

"Amaryata, ni ne fa," in ji tsohon, ya miƙa hannu. Tsigi ta ƙara ƙanƙame zanin uwarta.

Tsohon ya janye hannunsa a hankali. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da mujalla guda duk ta yamutse, ya shimfiɗa a kan gilashi. Ga Malam Sanɗa nan a bangon mujallar, ƙafafu a sama, cikin kwata.

"Wata shida yara suna bi na da ihu, na ɗauka rashin tarbiyya ce. Jiya mai facin taya ya kawo mini wannan. Ashe daga gida ne." Ya dubi jikarsa. "Na titi ba su dame ni ba."

"Baba, wallahi tallahi ban..."

Tsohon ya mayar da madubinsa a ido, ya sunkuya kan agogo. Daga ranar ya rufe baki da Fensir. In ya gaishe shi, agogo yake amsawa.

A hanyar komawa gida matar Fensir ta buɗe masa wuta. "Baban Tsigi, duk fuskokin garin nan! Ga mai gidan hayarmu, ga Oganku da tumbinsa, sai ubana?"

"Ke ma ai wata goma sha ɗaya mujallar tana gidan, ba ki gane ba."

"Ni karanta abin yara nake? Fifita nake da ita!"

Litinin da sassafe Fensir ya haye wurin Oga, ya ce a sake wa Malam Sanɗa fuska. Oga ya zazzage masa buhun wasiƙun yara a tebur, kowace da zanen gashin bakin nan. Ya ce fuskar har ta hau jakunkunan makaranta.

"Surukinka ne? To ka gaishe shi, ya yi suna. Amma ka taɓa fuskar nan, ka ajiye mini makullin ofis."

Fensir ya shiga tsaka mai wuya. In ya goge fuskar aiki ya tafi, in ya bar ta Tsigi ba za ta sake hawa cinyar kakanta ba. Sau uku ana kai ta tana maƙalewa a bayan ƙofa. Tsohon yakan sayi alewa ya ajiye, sai tururuwa ta shanye.

Sai ya yanke shawarar yi wa Oga sata da kaɗan-kaɗan. Ya rantse ba zai sake aron fuskar ɗan kowa ba, don haka ya sayo madubi ya jingina a jikin kwalbar tawada. A fitowa ta gaba keke ya buge Malam Sanɗa a hanci, aka manna masa filasta, da aka cire babu tabo. Wata na biye ashana ta kama gashin bakin, bai sake tsirowa ba. Sannan hula ta rufe sanƙo, girar ta rabu biyu, tsukakken ido ya buɗe. Wuya ya fara tsawo, kumatu suka shige ciki.

"Kai Fensir, Sanɗan nan ba ya ramewa kuwa?" in ji Oga.

"Wahala ce, Oga. Kai ma a riƙa jefa ka kwata duk wata ka gani."

A wata na bakwai Malam Sanɗa ya faɗi ya karya haƙorin gaba, daidai inda Fensir yake da giɓi. Washegari ya fito zai tafi aiki, 'yan firamare kusan ɗari uku, ni dai haka aka faɗa mini, suka rako shi har bakin titi suna "Sanɗa! Sanɗa! Kawo wasiƙarmu!" Mai bas ya ce kowa ya riƙe aljihunsa. Fensir ya isa ofis ba takalmi ɗaya. Ita kuwa Tsigi, da ta ga ubanta a kwata, dariya ta yi har ta shaƙe, don ta san ko ƙadangare ba ya iya kora.

Asabar ɗin nan aka sake kai ta shago. Ta tsaya ta ƙare wa tsohon kallo, ta dubi mujallar da ke hannunta, ta sake dubansa. Sai ta haye cinyarsa ta kama gashin bakin tana ja. Idon nan tsukakke na tsohon ya ciko da ruwa.

Fensir yana kan benci, kai a ƙasa. Tsohon ya karɓi mujallar, ya maƙala madubinsa, ya duba bangon kamar mai duba cikin agogo. Ya daɗe. Sannan a karon farko cikin wata bakwai ya dubi surukinsa.

"Buɗe baki."

Fensir ya buɗe.

"Ka yi wa kanka sassauci. Naka giɓin ya fi wannan faɗi. Wata mai zuwa a gyara."

"To, Baba," in ji Fensir. Kuma ya gyara.