Fim Ɗin da Ya Ci Kasuwa

A gidanmu na Zongon Lomé, ranar Lahadi bayan la'asar ake tsince wake da shinkafar da Kaka za ta riƙa dafa ayimolu, wato shinkafa da wake, na sayarwa a makon. Gwaggonnina da matan maƙwabta sukan kewaye tabarma, kowacce da faifai a cinya. Ni ba na tsinta. Aikina shi ne ba da labarin fim.

Tsofaffin ba sa zuwa sinima. Kaka ta ce ita ba za ta shiga ɗaki mai duhu ta zauna kusa da namijin da ba ta san ubansa ba. Amma son labari, ba a magana. Don haka ranar Asabar, in mun rufe shagon atamfar mahaifiyata, sai in hau zemijan, mai babur ya kai ni cikin gari, in kalli fim da Faransanci, washegari in juye musu shi da Hausa. Ina kuma yi masa 'yan gyare-gyare. In saurayi da budurwa suka cika rawar kai, nan take nake ɗaura musu aure kafin in ci gaba. Wurina a hannun daman Kaka yake. In labari ya kai wurin tsoro, sai ta dafa gwiwata ta matse. Jikokinta sun fi a ƙirga, amma gwiwata kaɗai take dafawa, kuma na san da haka.

Ana nan sai kawuna na unguwar Agbalépédo ya ga dama ya fara turo 'yarsa gaida Kaka duk Lahadi. Ƙanwata ce a shekaru, tana karatun kasuwanci a jami'a, ga tabarau, ga waya kullum a hannu. Zuwanta na farko ina tsakiyar labari, na kai inda jirgin ruwa ya fara nutsewa, sai ta ɗago kai.

"Yaya, ai wannan fim ya faɗi. Bai yi kasuwa ba ko kaɗan."

Kaka ta ajiye faifai. "Fim ma yana da kasuwa?"

"Mais oui, Kaka. A Najeriya kowane wikend suna duba wanda ya fi kawo kuɗi a sinima. Shi ne na ɗaya, sauran suna bin baya."

Shi ke nan, jirgina ya nutse ba wanda ya tambayi mutanen ciki. Kaka tun tana yarinya take talla, ba abin da take girmamawa kamar tukunyar da ta ƙare kafin ta maƙwabciya. Ta sa yarinyar ta karanto mata jerin fina-finan daga sama har ƙasa, ana fassarawa. Wane ne ya hau, wane ne ya sauko, wane ne ya daɗe a sama ya ƙi motsi. Ta ce in har mutanen Ikko suka zaro kuɗinsu suka biya, to abin ya kai.

Daga ranar Lahadinmu ta sauya. Kafin in buɗe baki sai an ji wa ya ci kasuwa. Gwaggonnina suka raba gari, wannan tana bayan fim ɗin fatalwa, waccan tana bayan na biki, alhali ba wadda ta san abin da ke cikinsu. In na babbar gwaggona ya sauko, ƙarama ta yi mata jaje har da tafa hannu. Kaka ta matsa ta yi wa yarinyar wuri a hagunta. Ni kuwa ina dama, ina murmushin yaƙe. Ni ce nake shan ƙurar hanya, ni ce sanyin na'urar sinima yake sa wa mura, ita kuwa daga kan katifarta take latsa waya ta zo ta kwashe jama'a. Har tabaranta sai da na tsana, kuma tabarau bai yi mini komai ba.

Wata Lahadi na kasa haƙuri. Tana gama sanar da na ɗaya na ce, da muryar da na yi wa zaƙi da gangan, "To ƙanwata, yaya ya ƙare? Ba mu labari mana."

Ko a jikinta. "Ah non, Yaya, ban kalla ba. Ni sinima tana sa ni barci."

Na dubi Kaka ina jiran ta ga abin da na gani. Ta hure ƙaiƙayi daga faifanta ta ce mai kawo mata farashin wake daga tasha ma bai taɓa noma ba, kuma ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Matan suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Ba a daɗe ba aka kawo wannan na ɗayan sinimarmu ta Lomé. Na ce to, ga ranar da za a bambance mai karanta suna da mai ba da labari. Na kalle shi da azahar, na fito na sake sayen tikiti na koma. Labarin wata uwa ce da ɗanta ya tafi ci-rani ya daina aike. A kan zemijan ina ta maimaita maganganunta, har mai babur ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Ban taɓa ba da labari kamar na wannan Lahadin ba, kuma ban ƙara ba. Na tashi tsaye, na yi tafiyar uwar, na yi muryar ɗan a waya yana ƙaryar cewa layi ba kyau. Hannaye suka tsaya a kan faifai. Maƙwabciyarmu da nata ɗan yake Libiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Da na kai inda uwar ta tsaya a tasha tana leƙa kowace mota, babbar gwaggona ta ce in dakata ta sha ruwa. Ita kanta mai tabarau ta kife wayarta a tabarma, bakinta a buɗe.

Na gama, na zauna a wurina ina haki. Kaka ta share ido da bakin zanenta, ta daɗe tana girgiza kai. Na gyara zama, na sunkuyar da kai irin na mai kunya, ina jira.

Sai ta juya hagu, ta kama hannun yarinyar da hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin iya zaɓe. Na mako mai zuwa ma ke za ki faɗa mata wanda za ta kallo mana."