Ƙafar Alhaji Mamman

Ranar da muka je Shinkafi don fitar da Alhaji Mamman daga shagonsa ba za ta fita raina ba. Lokacin dogon hutu ne, na gama aji biyar na sakandare, ina taya Kawu Barista aiki a ofishinsa na lauya a Kaura. Aikina shara, jera fayil, da ɗaukar hoto da waya idan an buƙata. Magana kam ba ta cikin aikina, ko gaisuwa ƙasa-ƙasa nake yin ta.

Alhaji Mamman ɗan kasuwar hatsi ne. Babban ɗansa ya rasu ya bar yaro, Nasiru, wanda ya tashi a shagon, shi ke awo, shi ke ɗinkin buhu. Ga wanda bai sani ba, idan uba ya riga kaka rasuwa, kuma kakan yana da wasu 'ya'ya maza, jika ba ya cin gado. Wasiyya kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, shagon ya fi haka. Sai Kawu ya ba Alhaji shawarar ya yi kyauta tun yana da rai da lafiya. Amma kyauta ba ta cika sai an mallaka: mai bayarwa ya cire hannu a gaban shaidu, wanda aka ba ya ci gaba da juya abinsa. In Alhaji ya zauna a matsayin mai shago har ya rasu, shagon ya koma gado, Nasiru ko mudu ba zai fita da shi ba.

Muka isa ranar kasuwa da hantsi. An sa hannu a takarda, shaidu sun sa, cikinsu har da Malam Isa mai goro, abokin wasan Alhaji, wanda rumfarsa ke kallon shagon. Kawu ya ce mini, "Safiya, hoto ɗaya nike so. Nasiru ciki da makulli, Alhaji waje. Mu gama mu kama hanya kahin la'asar."

Alhaji ya miƙa wa Nasiru makulli, na ɗauki hoto. Ina sauke waya na ga ya zare makullin daga hannun Nasiru ya jefa a aljihu.

"Alhaji, mi ke nan?" in ji Kawu.

"Aje mashi nika yi. Yaron ga yad da kaya garai."

Aka sake. Wannan karon ya fita waje sosai, ya gyara hula. Da na duba hoton sai na ga ƙafarsa ta hagu a kan dokin ƙofa, babban yatsa yana taɓa buhun dawa. Na kasa faɗa. Na miƙa wa Kawu wayar, na nuna da farce.

Daga nan Alhaji ya tuna butarsa tana ciki. Ya shiga ya ɗauko. Ya tuna rediyo. Ya tuna buzunsa, ya shiga naɗewa, sai kawai muka gan shi zaune a kai.

Malam Isa ya ce, "Mamman, ko amarya ba ta kai ka wuyar hita gida ba. In kira mata su yi maka guɗa?"

"Rufe man baki, mai ruɓaɓɓen goro!"

Da ƙyar aka lallaɓo shi waje. Na ɗaga waya ke nan wata mata ta iso ta tambayi tiyar gero. Kafin Nasiru ya buɗe baki Alhaji ya yi tsalle ɗaya ya faɗa ciki, ya ƙwace tiya, yana cewa, "Haka aka awo? Tozo za ka yi mata kamar ɗiyar sarki?" Hoton da na samu bayan rigarsa ne da rabin fuskar matar.

Kawu ya cire tabarau ya share gumi. Na san wannan alamar, haƙuri ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Alhaji, in ba ka so, a yage takarda. Amma ka san abin da za ya samu Nasiru."

Alhaji ya ajiye tiyar. Ya dubi bango, daidai inda bayansa ya goge fenti har wurin ya yi baƙi yana sheƙi. Ya ce a hankali, "So nikai, Barista. Amma in na hita, ina zan zamna gobe da sahe?"

Malam Isa ya tashi ya ture kwandon goro daga kan bencinsa, ya kaɗe da hula. "Ga wuri nan. Kana ganin shago, shago na ganin ka. Sharaɗi ɗai, ba ka taɓa man goro."

Alhaji ya rungumi buzu da buta da rediyo ya fito. Nasiru ya riƙe makulli da hannu biyu. Na ɗaga waya, sai ga ƙafar nan ta fara rarrafe ta koma dokin ƙofa. Ban san lokacin da muryata ta fito ba.

"Baba Alhaji, ƙafarka!"

Har masu dako suka juyo. Alhaji ya dubi ƙafar kamar ta wani ce, ya janye ta. Na ɗauka. Wannan hoton ne a fayil.

Muna shirin shiga mota na ga Alhaji ya tsallaka daga bencin, ya tsaya a ƙofar shagon ya yi sallama. Nasiru ya amsa, ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Mi a kawo?"

"Nawa tiyar gero?"

Nasiru ya faɗa.

"Kai! Wa ya koya maka tsada haka?"

Tun ranar na gane cewa a aikin nan rubuta takarda shi ne mai sauƙi. Yanzu duk wanda ya zo ofis zai ba da shago ko gona, Kawu yana tambayarsa iyaka da shaidu, ni kuma in tambaye shi inda zai zauna gobe da safe. Ƙasa-ƙasa nake faɗa, amma ana ji.