Garzali Mai Rabon Ruwa da Kujerar Gaban Jirgi

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Bunkure a shekarun tamanin da 'yan kai, in bai san fuskar Garzali ba to ya san muryarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da wani ƙaton agogo da ya fi ƙarfin tsintsiyar hannunsa. Shi manoman ɓangarensu suka ɗora wa rabon ruwa. In aka sako ruwan Tiga a kanal, zai tsaya bakin ƙofar ruwa ya ce wane awa biyu, wane awa ɗaya da rabi, in kuwa lokacinka ya cika ko tumatirinka na kuka da hawaye sai ya toshe. Ranar ruwa ba mai ƙaunarsa, amma ba a taɓa zancen canja shi ba.

Yana saurayi ya taɓa yin shekara biyu a Makka, ya tsinto Larabcin kasuwa, irin wanda ake haɗawa da hannu. Saboda haka da tumatir da alkama suka fara sa mutane dariya, kowa na son ya tura tsohonsa Umra, sai ya zama Garzali ne ɗan jagora. Shi ke riƙe fasfo, shi ke ƙirga kawuna, shi ke neman wanda ya ɓata. Sau shida ya hau jirgin Jidda, kuma sau shidan nan a can ƙurya yake zama, dab da banɗaki, inda duk mai matsuwa sai ya taka masa ƙafa ya ce sannu.

A tafiyarsa ta uku ne ya ga abin da ya hana shi sakat. Ana cikin layi aka kira wani ɗan kasuwa, aka karɓe katinsa aka ba shi wani mai jan baki, aka buɗe masa wata ƙofar gilashi ya shige. Garzali ya bi manajan kamfanin jirgin, wani dogo mai suna Muhammadu Sani, har ofis.

"Ranka ya daɗe, wancan ɗan gidan waye?"

"Ba ɗan gidan kowa ba ne. Ya faye hawa jirginmu ne. In kujerar gaba ta yi saura, irinsu muke ɗagawa, su huta a ɗakin manyan baƙi kafin a tashi."

"Sau nawa ne yawa?"

"Kai dai yi ta hawa, Alhaji."

Daga ranar Garzali bai sake yar da guntun tikiti ba. Ya yanki ledar buhun taki ya yi musu gida. Duk rani kuma kwandon tumatir na isa ofishin Muhammadu Sani, manajan na cewa ba da tumatir ake yi ba, Garzali na cewa ai shi gaisuwa ya kawo.

To, a 1988 alkama ta yi albarka, sai ya ce bana da Iya za a tafi. Iya mahaifiyarsa ce, ta haura saba'in, gwiwarta ta hagu kuwa in ta yi awa guda a lanƙwashe sai ta kumbura ta koma kamar kabewa. Likita ya faɗa masa gaskiya. In ta yi awa huɗu da rabi a matse, ba ita ba ɗawafi da ƙafarta, sai dai a ɗauke ta a makara irin ta masu ɗaukar tsofaffi. Iya kuwa ta ce ita ba gawa ba ce, in a kai za a ɗauke ta gara ta zauna gida. Nan Garzali ya bugi ƙirji a gaban matan gida ya ce a gaban jirgi za ta zauna, ƙafa a miƙe kamar a ɗakinta. Ya faɗa kafin ya tambayi kowa.

Ranar tafiya tun hantsi suka isa filin jirgi, su tara. Ya zazzage ledar taki a teburin manaja, guntayen tikitin da ya tara suka baje.

"Kujera ɗaya ce ba a zo ba," in ji Muhammadu Sani. "Ta wani babban mutum ce. In har aka rufe bai iso ba, taka ce, ka ba wanda ka ga dama."

Garzali bai taɓa yi wa kowa mugun fata ba, kuma ranar ma bai yi ba. Abin da kawai ya roƙa shi ne Allah Ya sa wa bawan Allahn nan barci mai daɗi, ko baƙi masu dogon zance, ko taya ta yi faci a inda ba haɗari. Duk motar da ta tsaya a waje sai ya leƙa. Da agogo ya cika manaja ya ɗago kati mai jan baki, Garzali ya yi wata kabbara da ta sa ɗan sanda ya waiwayo.

Ya ruga wurin Iya ya ce ta taso ta shiga ɗakin manya. Ta leƙa ta gilashi, ta ga maza da manyan riguna, ta ja mayafi. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, ni cikin maza? Shiga kai."

Ai kuwa ba a faɗa masa sau biyu ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa saboda kafet ɗin ya fi na masallacin Juma'a laushi, mai gadi ya ce ya mayar. Ya zauna a kujera ta haɗiye shi har gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa. Aka kawo shayi da madara ba tare da ya nema ba, ya sha, aka ƙaro, ya sha. Minti goma sha biyu ya yi, ya fito yana ba 'yan tawaga labari, ya dafa Surajo, wani saurayi a cikinsu.

"Sanyin ɗakin nan, Surajo, in ka ajiye tumatir sai ya yi wata bai yi laushi ba! Kuma kowa raɗa yake, kamar an yi rasuwa, alhali daɗi ne ya yi musu yawa."

Murna ta hana shi lura cewa ƙin da Iya ta yi somin taɓi ne. Sai da aka shiga jirgi, ma'aikaciya ta ɗage labule ta nuna kujerar, faffaɗa kamar gadon amarya, sannan Iya ta ja ta tsaya.

"Malam fa? Ina zai zauna?"

Malam Dattijo ke nan, mai makarantar allon garinsu, wanda ya karantar da marigayi mijinta.

"Yana baya, Iya."

"In ba Malam baya? In riga shi shiga ƙasa mai tsarki? Ba da ni ba."

Ta wuce abinta tana ɗingishi ta cusa kanta a kujerar tsakiya. Garzali ya je ya durƙusa gaban Malam, Malam ya ce shi ba zai ci haƙƙin mara lafiya ba, amma in don a warware ne zai ɗan zauna ya sa albarka. Haka aka tashi, Malam a gaba, gwiwar Iya a lanƙwashe.

Jirgi na daidaita Garzali ya koma wurinta. "Malam ya zauna, saura ke."

"Yaya Hajara fa? Ita ta yi mini wankan jegonka. Gidaɗo kuma aminin babanka ne."

Nan ya gane ba gardama ce za ta fisshe shi ba. Ruwa ba ya isa gonar ƙarshe sai ya bi ta gonakin gaba, wannan kuwa aikinsa ne. Ya ɗaga hannu ya dubi agogo.

"Jama'a, rabo za a yi. Malam, Hajiya Hajara, Baba Gidaɗo, kowa kwatan awa. Daga nan Iya."

Sai dai an riga an ajiye wa Malam faranti, Malam kuwa ba ya gaggawa da abinci. Yana tauna kaza yana tasbihi, Garzali na tsaye a bakin labule yana tauna leɓe.

"Allah gafarta Malam, lokaci."

"Garzali, ba a tashi a bar ni'ima. Almubazzaranci ne."

Minti talatin da biyar Malam ya ci. Hajiya Hajara ba ta ba da wahala ba, ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran likita, ta ƙulle alewa biyu a gefen zani ta taso. Gidaɗo ne masifa. Dama a gona ma shi ne mai satar ruwa. Yana zama ya lalubo maɓallin da ke kwantar da kujera, ya miƙe, ya rufe fuska da hula, ya fara minsharin da ko yaro ya san na ƙarya ne.

"Baba Gidaɗo, na san ba barci kake ba."

"Barci nake."

"Wallahi mako mai zuwa in ba ka tashi ba, albasarka sai dai ta sha raɓa."

"Mako mai zuwa kana Makka, ɗan nema!"

Ma'aikaciyar jirgin, wata Bakanuwa mai suna Fatsuma, ta iso da tawul mai ɗumi ta tsaya turus. Ta kai wa mai farin gemu kaza, ta dawo da lemo ta tarar da tsohuwa, yanzu kuma ga wani na uku da hula a fuska.

"Alhaji, wai mutum nawa ne a kujerar nan? Ba motar Bunkure ba ce fa. In aka sake canji zan rufe ta kowa ya huta."

Garzali bai yi mata Larabci ba, bai yi mata wayo ba. Ya ce ta zo ta gani. Ya kai ta wurin Iya, ya ɗan ɗage bakin zani. Gwiwar ta fara tashi tana sheƙi, Iya na ta ja da carbi, gumi na bin goshinta. Awa ɗaya da rabi ke nan a matse.

Fatsuma ta koma gaba da kanta. Abin da ta raɗa wa Gidaɗo ba wanda ya ji, amma sai ga shi ya fito da sauri yana gyara hula yana cewa dama ya gaji da kwanciya. Ta dawo ta kama hannun Iya.

"Taso, Iya. Malam ya zauna, yayarki ta zauna, wancan ma ya zauna har ya wuce gona da iri. In kika ƙi, ni za a yi wa faɗa."

Iya ta waiwayi Malam, Malam ya ɗaga mata hannu. Aka kwantar da kujera, aka tallafe ƙafar da matashi biyu, aka naɗe ƙanƙara a tawul aka ɗora a gwiwa. Kafin Garzali ya gama godiya ta yi barci, na gaskiya.

Kwata na cika sai ga Surajo, ɗan ƙanin Gidaɗo, ya taso yana murza hannu.

"Yaya Garzali, layi ya zo kaina ko?"

"An rufe ruwa."

"Haba! Kai ma fa ba ka ɗana ba."

"Na ce an rufe."

Ya koma ƙuryarsa dab da banɗaki, aka ci gaba da taka masa ƙafa har Jidda, yana amsa sannu yana washe baki kamar shi aka yi wa kyauta. A Makka Iya ta yi ɗawafi bakwai da ƙafarta, ta yi Safa da Marwa tana hutawa tana tashi, masu makara na binta da tayi tana kora su da carbi.

Garzali ya ƙara hawa jirgi sau huɗu bayan nan, manyan mutane kuwa ba wanda ya sake makara. Iya ta rayu shekara tara, kuma duk matar da ta zo tana tsoron tafiya sai ta ce mata, "Ke, ba komai ba ne. Kin kwanta kin tashi an iso. Wannan ne dai ke zuzuta abin don a ce yana wahala."