Daga Hantsi Zuwa Azahar

Duk Dandamisa ba wanda ya riga Sada shiga jirgin sama, amma kada ka kuskura ka yi masa kirari da wannan. Yanzun nan zai tsuke baki ya juya maka ƙeya.

Lokacin yaƙin Turawa ne ya tafi cin rani Kano, ya samu aikin lebura a filin jirgi. Ya bar matarsa Indo da tsohuwarsa makauniya da 'yar gonar gado, a kan zai dawo kafin ruwan shuka. Ran nan shugaban leburori ya ce ana neman mutum shida a filin Maiduguri. Sada ya tambayi nisa. Aka ce, "Ku tashi da hantsi, ku yi azahar a can."

To, mutumin da tun tashinsa da ƙafa yake auna ƙasa! Hantsi zuwa azahar ai tafiyar kasuwar Hunkuyi ce daga garinsu. Ba wawa ba ne, ya san jirgi ya fi jaki sauri, sai ya ninka, ya ce kwana biyu a ƙafa, in ta yi tsanani uku. Aka cusa su cikin jirgi tsakanin akwatuna, ba ya ganin komai, sai ƙugi yake ji.

Aikinsa a can shi ne share fili, kada a bar ko tsinken ciyawa inda jirgi ke sauka. Kullum idonsa na gabas. Ran da hadari ya fara haɗuwa ya ƙulle kayansa, ya tari wani bafatake a bakin hanya, ya tambaye shi hanyar Zazzau.

Bafataken ya kalle shi sama da ƙasa. "Zazzau? Wata guda, in ƙafarka na da kyau. Shuka za ka? Haba malam, ruwan Borno baya yake zuwa. Ran da na baro Zariya ana shuka."

Wa zai kama wa Indo fartanya? Ya ruga wurin akawu yana roƙo a mai da shi yadda aka kawo shi. Akawu ko kai bai ɗaga ba, ya ce jirgin yamma sai mai takarda, kuma sunansa na rubuce, ya taka waje 'yan doka su dawo da shi. Damina biyu ya yi a filin nan.

A ta farkon, da ruwa ya sauka, ƙamshin ƙasa ya hana shi sukuni. Ya ɗebi gero tafi ɗaya daga abincinsa, ya shuka a gefen fili da diddige. Ya tsiro kuwa, gwanin kyau, har ya kai taƙi guda. Shugaban leburorin wurin ya zo wucewa, ya tsaya.

"Kai Bazazzage, wannan ɓangaren wa ke share shi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, ina jira."

Sada ya durƙusa, ya yi bismilla, ya shiga tuge su ɗaya bayan ɗaya.